Uwa Ɗaya Uba Ɗaya, Shekara Bakwai a Tsakani: Lamarin 'Yan Acaɓa Biyu a Legas

Mutum biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, daga wani ƙauye a kwarin Haɗeja, jihar Jigawa. Dukansu sun yi acaɓa a Legas, a kan babur iri ɗaya, ƙirar Bajaj Boxer. Babban, wanda kowa a ɗakinsu na Agege ke kira Yaya, yau dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12. Ya yi gini a gida, ya aurar da ƙannensa mata, kuma in an tashi gyaran masallacin ƙauye, shi ake fara kira a waya. Ƙaramin shi ne autan ɗakinsu, da Auta ɗin ma ake kiransa. Yana dako a kasuwar da wansa ke dillanci, ga ragowar bashin babur a wuyansa, babur ɗin da aka daɗe da kamawa.

In ka tambayi 'yan garinsu mazauna Legas me ya raba su haka, amsa biyu za ka ji. Wasu su ce Yaya mutum ne mai zuciya da tattali, Auta kuwa ɗan boko ne mai gaggawa da taurin kai. Wasu su ɗaga kafaɗa su ce rabo ne, kowa da nasa. Na san su duka biyun, na kuma ji labarin daga bakin kowannensu da bakin dattawan da suka shiga tsakaninsu lokacin da rigimar bashi ta tashi. Da na jera abin da ya faru bi da bi, da kwanan watansa, sai na ga halin kowannensu ya yi tasiri, amma kaɗan ne. Abin da ya fi yanke hukunci shi ne shekarar da kowa ya sauka a Legas, da irin dokar da ya tarar, da gefen iyakar da ya samu kansa.

Ruwan da ya kore su

Mahaifinsu manomin shinkafa ne kuma masunci, kamar yawancin mutanen fadamar Haɗeja zuwa Nguru. Rayuwar wurin ta dogara ne da ambaliyar da ta san lokacinta: ruwa ya zo da damina ya malale fadama, ya janye da rani ya bar laka mai albarka da kifi a tafkuna. Aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, duk a can sama a jihar Kano. Madatsun sun amfani masu noman rani da birnin Kano, wannan ba a musu. Amma a ƙasa, tafiyar ruwan ta canza. Ya daina janyewa yadda ya saba, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe magudanai. Wani gefen ya bushe, wani gefen ruwa ya kwanta a gonaki shekara da shekaru. Kacalar ta zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki, masu share gonar shinkafa kafin mai ita ya kai ga girbi. Gonar mahaifinsu mafi kyau tana cikin waɗanda ciyawar ta cinye. Babu wanda ya nemi shawararsa ranar da aka aza harsashin madatsa, watakila ma bai taɓa ganin ta da idonsa ba har ya koma ga Allah.

Wannan ne ya sa Yaya bai wuce firamare ba. Ya tafi Kano yana saurayi, ya yi dako a kasuwa, ya koyi babur, ya shiga acaɓa. A lokacin sana'ar tana ci a Kano. Sai ranar 19 ga Janairun 2013 'yan bindiga a kan babura suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin. Maiduguri ta riga ta yi haka tun Yulin 2011 saboda rikicin Boko Haram, Abuja kuwa tun 2006 ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar gari. Duk birnin da ya rufe ƙofa, samarinsa sai su ɗora mashin a bayan tirela su yi kudu. Masu tambayar daga ina wannan tulin 'yan okada (sunan acaɓa a Kudu) na Arewa suka cika Legas, ga wani ɓangare na amsar.

Shekarun Apapa

Yaya ya sauka Agege a farkon 2013, wurin wani kawunsu mai sayar da goro. Agege tsohon zango ne, Hausawa sun zauna a nan tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, don haka baƙo ba ya rasa tabarmar kwana da wanda zai nuna masa hanya. Legas ɗin da ya tarar ma tana da doka. A Agustan 2012 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar hanya da ta hana okada bin tituna 475. Sai dai doka ce mai zafi yau, sanyi gobe. A yi kame na mako biyu, a lafa na wata shida. Ɗan acaɓa ya san kwanar da ake tsayawa, ya san awar da ake fitowa, ya san kuma abin da ake miƙawa a wuce.

Abin da ya ɗaga Yaya shi ne masifar da ta addabi wasu. A waɗannan shekaru hanyoyin shiga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can sun toshe. Tireloli masu jiran kwantena da tankokin mai masu jiran lodi a daffo suka yi layi tun daga bakin tasha har Mile 2, ta ɗaya gefen kuma har Ijora da kan gadoji. Direba kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a kan titi yana jira. Mai mota ba ya shiga, danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ba ta shiga. Ma'aikacin banki da kwat ɗinsa, mai fiton kaya da takardunsa a hammata, jami'in kwastan, duk sai dai su hau babur ya ratsa da su tsakanin tayoyi. Fasinjan da jirgi ke jiran sa hannunsa ba ya tsayawa ciniki. Yaya yakan ce a lokacin, abin da yake samu kafin azahar ya fi abin da yake samu a yini biyu a Kano.

A nan halinsa ya yi aiki, kada a tauye masa. Bai sha komai ba, bai yi caca ba, ya shiga adashi, ya ci garin kwaki ranar da abokansa ke cin tsire. Ya fara da mashin ɗin wani yana kai balas kullum, ya karɓi na bashi ya biya ya mallaka, ya sayi na biyu da na uku ya ba yara suna kawo masa. Amma ya yi duk wannan ne a shekarun da babur sabo bai fi ƙarfin adashin 'yan watanni ba, litar mai ba ta kai naira 150 ba, kuma in an kama mashin ana iya zuwa a karɓo shi. An kama nasa ba sau ɗaya ba. Kowane karo ya dawo da shi.

Hatta rikicin Mile 12 na Maris 2016, wanda ya samo asali daga hatsaniya da wani ɗan okada ya rikiɗe ya zama faɗan ƙabilanci, aka rasa rayuka, aka rufe kasuwa, bai taɓa shi ba, domin a lokacin harkarsa tana Apapa.

Sai a 2018 wata tirela ta matse shi da bangon gada, ƙafarsa ta dama ta karye gida biyu. Asibitin ƙashi na Igbobi shi ne inda 'yan okada da yawa ke ƙarewa, amma shi gida aka kai shi wurin mai ɗori. Ya yi watanni a kwance, ya tashi da ɗingishi, gwiwar ba ta lanƙwasuwa yadda zai taka birki. Kowa ya yi masa jaje, an ce ta Yaya ta ƙare. Yaran da ke riƙe da mashinansa suka fara wasa da balas tunda ba ya iya bin su. Da ya gaji, a tsakiyar 2019 ya sayar da duka ukun. Bai sha wahalar samun mai saye ba, domin shekarar ce kamfanonin okada na waya irin su Gokada da MAX da ORide ke ta faɗaɗa, kowa na ganin sana'ar gaba za ta yi. Ya ɗauki kuɗin ya kai wa surukinsa a Mile 12, ya zauna a gindinsa yana koyon karɓar motar tumatir da tattasai da albasa, da yadda ake sayarwa a cire la'ada a aika wa mai kaya nasa.

Watanni kaɗan bayan haka aka hana okada a Apapa. Yau in Yaya na ba da labari yakan ce shi ya hango abin tun da wuri. Ban taɓa musa masa a gaban mutane ba, amma duk wanda ya je gaishe shi yana kwance ya san ƙafa ce ta fitar da shi, kuma ya fita yana baƙin ciki.

Watanni uku na Auta

Kuɗin Apapa ne ya riƙe Auta a makaranta har ya gama sakandare. Burin gidan shi ne ya wuce kwalejin ilimi ya zama malami. Karayar Yaya ta tsayar da aike, mahaifinsu ya kwanta ciwon ajali, abin da aka tara ya tafi a magani. Bayan girbin 2019 Auta ya ce zai zo Legas ya yi shekara ɗaya ya tara kuɗin rajista ya koma.

Iskar garin ta riga ta fara juyawa. A ƙarshen Agustan wannan shekarar jami'an jihar Legas suka tare wata tirela ɗauke da mutum 123 'yan Jigawa da babura 48, aka tsare su, aka yi ta yaɗa hotunansu, daga baya aka sake su da ba a same su da laifi ba. Mahaifiyarsu ta ji labarin a rediyo ta ce kada ya je. Yaya ya ce, "Inna, ki bar shi ya zo, ina nan. Hanyar da na bi zai bi." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Shi ya kai shi wurin wani Alhaji mai ba da babura bashi, ya tsaya masa. Tsarin sananne ne: a ɗora riba a kan kuɗin mashin, kana biya mako-mako, ranar da ka cika ya zama naka. In ya ɓace ko aka kama, bashi na nan daram.

Auta ya fara aiki a Apapa a watan Nuwamba. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 dokar Gwamna Babajide Sanwo-Olu ta fara aiki: babu okada, babu Keke Marwa (adaidaita sahu) a ƙananan hukumomi 6 da yankunan raya ƙasa 9 da ke ƙarƙashinsu. Apapa, Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, wato duk inda kuɗin yake. Wata biyu bayan haka, ranar 30 ga Maris, Shugaba Muhammadu Buhari ya kulle Legas saboda annobar korona. Mako biyar ba fita. Auta ya so ya gudu gida ya kama damina, sai ga hana zirga-zirga tsakanin jihohi, wadda ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli, lokacin shuka ya wuce. Alhaji ya yi adalci ya ɗaga masa ƙafa na makonnin kulle, amma ɗaga ƙafa ba yafiya ba ce. Shekarar da ya ɗiba wa kansa ta ƙare bai biya rabi ba.

Ya gwada wata ƙofar. Bayan dokar, wasu kamfanonin okada sun koma aikin kai saƙo da abinci, domin baburan aike masu babban inji ba su shiga hanin ba. Auta yana jin Turanci, yana iya karanta taswira a waya, a ganina ya fi da yawa daga masu aikin cancanta. Wani kamfani ya nemi ya kawo lasisi, katin zama na jihar, adireshin gida da za a iya zuwa a tabbatar, da mai tsaya masa wanda ke aikin albashi. Mutumin da ke kwana su takwas a ɗaki ɗaya wanda ba da sunansa aka kama ba, wanda duk danginsa a garin 'yan goro ne da 'yan gwari, ina zai samo waɗannan? Ya dawo kan Boxer ɗinsa.

A 2021 kamen ya yi sanyi kamar yadda ya saba, okada suka koma wuraren da aka hana, shi ma ya koma. Ya yi aiki kamar zai kashe kansa, asuba zuwa goman dare. Duk da tikitin ƙungiya da na 'yan tasha da ake yanka masa a kowace kwana, bashin ya yi ta raguwa. Zuwa azumin 2022 saura kaɗan.

Iyakar Agege da Ikeja

A watan Mayun 2022 aka kashe wani matashi mai aikin haɗa sauti a Lekki, aka ƙona gawarsa, bayan gardama da ɗan okada a kan canjin naira 100. Kisan gilla ne, ba shi da wani suna, kuma ya girgiza garin. Cikin mako guda gwamna ya sanar da cikakken hani a ƙananan hukumomin nan shida daga 1 ga Yuni. Wannan karon ba wasa. An ce mai tuƙi da fasinja duka masu laifi ne, dokar sufuri ta 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, babur ɗin da aka kama kuwa niƙe shi za a yi. A makon farko na Yuni aka tara manema labarai aka murƙushe babura fiye da 2,000 a gabansu. Ranar da aka yi kisan Lekki, Auta yana Agege, bai san wanda aka kashe ba, bai san waɗanda suka kashe shi ba.

A nan ya kamata a faɗi gaskiyar da 'yan uwanmu ba sa son ji. Gwamnati ba ta rasa hujja ba. 'Yan acaɓa da yawa suna bin hannun da ba nasu ba a kan babban titi, ba hular kwano, ba lamba, su ɗauki mutum biyu har uku. Ana fashi da babur. In an taɓa ɗaya, ɗari su taru kafin a tambayi wa ke da gaskiya. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ɗakin masu karaya ya san jinin da sana'ar ke sha. Mazauna Legas da suka yi murna da dokar ba duka ne masu ƙin Bahaushe ba, wasu 'ya'yansu suka binne. Inda nake da ja shi ne yadda aka zubar da nauyin gaba ɗaya a kan wanda ya fi kowa rauni a jerin. Mai shigo da babur ya sayar ya ci riba, mai ba da bashi yana da takardarsa, masu yankan tikiti sun karɓa shekara da shekaru, fasinja ya sauka ya shige ofis. Wanda aka bari da asara shi ne yaron da ke kan sirdi.

Agege ba ta cikin wuraren da aka hana. Ikeja, maƙwabciyarta, tana ciki. Duk waɗanda aka koro daga Apapa da Surulere da Lekki sai suka kwararo Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye da Ojo da Ikorodu. Kwanar da mutum goma ke jira ta koma ta hamsin. Fasinja ɗaya ya ɗaga hannu, mashin shida su yi kansa, kuɗin hawa ya faɗi. Auta ya yi makonni yana tsayawa a inda aka yarda, abin da yake samu bai kai na Alhaji ba, balle abinci. Kuɗin yana tsallaken iyaka, tafiyar minti biyar.

Wata safiya a watan Yuli wani fasinja mai saurin kama jirgi ya ce a kai shi cikin Ikeja, ya faɗi kuɗin da ya ninka na kullum sau uku. Auta ya ɗauka. Bai kai ba aka tare su. Fasinjan ya sulale, aka jefa mashin a mota. Yaya ya ɗingisa ya je da kuɗi a aljihu, kamar yadda ya saba karɓo nasa a da. Aka ce masa wannan zamanin ya wuce.

Zaman dattawa

Rigimar da ta biyo baya ta fi kamen ciwo. Alhaji ya zo wurin wanda ya tsaya. Yaya ya ce ba zai biya kuɗin ganganci ba. Maganar ta kai gaban dattawan garinsu, aka zauna bayan isha'i a ƙofar kawun nan mai goro.

Yaya ya ce, "Kawu, na gaya wa yaron nan kada ya tsallaka. Ni shekara nawa na yi a kan mashin, wa ya taɓa biya mini bashi?"

Auta, kansa a ƙasa, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, amma kai ma ai ta hanyar da aka hana ka yi ta bi. Naka in an kama ana ba ka. Ni nawa ba a ba ni ba."

Aka yi shiru, domin ƙane ba ya mayar wa wa magana haka a gaban manya, kuma domin kowa a wurin ya san gaskiya ya faɗa. Kawu ya tsawata masa a kan lafazin, sannan ya juya ga Yaya ya ce, "Kai ka ce wa uwarku kana nan." Aka roƙi Alhaji ya sauke wani abu daga ribar, ya sauke. Ragowar aka raba biyu, Yaya ya biya nasa kason nan take, Auta zai riƙa biyan nasa a hankali.

Ban wanke Auta ba. Ya san doka, ya ga an niƙe na wasu, ya tsallaka da idonsa biyu. Amma laifin da ya yi sau ɗaya shi ne wanda wansa ya yi kullum na tsawon shekara biyar ya gina gida da shi. Kasadar ɗaya ce, farashinta ne ya tashi. Ɗan garinsu da zai kira ɗaya jarumi ya kira ɗayan mai ganganci, sakamako kawai ya duba.

Bayan mashin

Yaya ya ba Auta jari ya ce ya koma gida ya yi noma, Legas ba ta karɓe shi ba. Ya koma a makare, ya samu ya dasa shinkafa a gonar da ta rage. Daminar 2022 ce, shekarar da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi ɗanɗanawa. Kogin Haɗeja ya ɓalle, shinkafar ta kwana a ƙarƙashin ruwa har ta ruɓe. Yana can ya ji cewa daga 1 ga Satumba an ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu a jerin hanin. Mile 12 tana Kosofe, Idi-Araba tana Mushin, manyan mazaunan Hausawa ke nan guda biyu.

Ya dawo Legas da rani ya kama dako. Kwandon tumatir daga bayan mota zuwa rumfa, daga rumfa zuwa motar mai saye. Bai daɗe ba canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023. Ɗan dako da naira 200 da 500 yake rayuwa, su ne kuwa suka ɓace. Mata masu sari suna cewa za su tura ta waya, ya je wurin mai POS a yanke masa wani kaso kafin a ba shi guminsa. A nan dai bokonsa ya yi rana, ya zama shi ke duba wa Yaya saƙon banki yana rubuta masa lissafin masu kaya. Har yau yana yi, ba a kuma ƙara masa komai a kai ba, abin da nake ganin Yaya bai kyauta ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma 488 a Legas cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi. Sabon Boxer ya wuce naira miliyan ɗaya. Ko da a ce gobe an ɗage hanin baki ɗaya, matakalar da Yaya ya taka ya hau babu ita: yaro ya zo da hannu biyu, ya yi balas, ya yi adashi, ya mallaki mashin cikin shekara. Lissafin ba ya fita yanzu.

Shi ma Yaya ba a tudun mun tsira yake ba. Lokacin da ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ya yi kwanaki ba mota ko ɗaya. Kuɗin dizal ya sa masu kaya sun rage lodi. Duk ranar da gwamnati ta rufe kasuwa a kan shara, gwari ba ya jira, ruɓewa yake. Bambancin kawai shi ne yana da abin da zai jingina da shi kafin a buɗe, ƙanensa ba shi da shi.

Gwamnatin jihar tana cewa tana samar da madadin okada, kuma an ga wasu: ƙananan motocin cikin unguwa, jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2 da ya fara a Satumban 2023, da na Oyingbo zuwa Agbado da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, wanda ke tsayawa a Agege. Madadi ne ga fasinja. Ga mai tuƙi ba a yi tanadin komai ba. Wasu sun koma gadi, wasu garuwa, wasu jari-bola, wasu sun tsallaka jihar Ogun, wasu kuma suna nan suna wasan ɓuya da masu kame a titunan da aka hana.

Jirgin na Agege ya ma ƙara wa okada kasuwa ta wani gefen, domin wanda ya sauka a tasha sai an kai shi lungunsu. Kwanan baya Alhajin nan ya aika wa Auta cewa in ya cika ragowar bashinsa, akwai wani mashin na hannu da zai ba shi, ya riƙa aiki a nan cikin Agege. Auta yana so, ya ce dako ya fara taɓa masa baya. Alhaji ya ce sai da mai tsayawa. Yaya ya ce tsugune ba ta ƙare ba ke nan, shi ba zai sake sa hannu a takardar babur ba ko ta ɗan cikinsa ce. An kai maganar wurin Kawu, ya ce a bari sai bayan Sallah, in sun je gida a ji ta bakin Inna.